Uwar Maƙerar Kawu a Kan Sikeli

Daga Allah muke, gare Shi kuma Kawu ya koma, wata Talata da hantsi, bayan Babbar Sallah da 'yan kwanaki, ruwan shuka bai daɗe da sauka ba. Kafin azahar an yi masa sutura an kai shi. Ni labarin a gona ya same ni, can Gouna. Ko da na iso Birni, tsohuwar unguwar Zinder, sai tabarmi na tarar a ƙofar maƙerarsa, wutar da ban taɓa ganin ta a mace da rana ba ta zama toka.

Na zauna na ga masu gaisuwa iri-iri. Manoman Gouna da na Zermu suka yi ta zuwa da laka a ƙafa, su durƙusa su yi addu'a, su tashi. Wani tsoho daga Zermu ma bai san an yi rasuwa ba. Ruwan hauyarsa ya ƙunso a tsumma ya kawo a koɗa masa, sai a bakin lungu ya ji. Ya zauna da ƙunshinsa a cinya har la'asar, hawaye na bin gemunsa, sannan ya tashi ya koma da abinsa yadda ya zo da shi.

Sai kuma 'yan gwangwan, wato masu sayen tsohon ƙarfe, abokan sana'ar babban ɗan Kawu. Su suka fi kowa ɗaga murya wajen addu'a. Ubangidansu, wani Alhaji daga Kano wanda ke kwasar ƙarafan Zinder a kamyo, wato babbar motar kaya, ya zo cikin babbar riga yana ƙamshi, ya ɗaga hannu yana roƙa wa Kawu Aljanna, idonsa kuwa yana bayan rumfa inda tsibin ƙarafan marigayi yake. Da aka shafa fatiha zai wuce, sai na ga ya sa ƙafa ya ɗan ture wani guntun ƙarfe don ya ji nauyinsa. Ko ungulu tana jira mutane su watse tukuna. Ya ga ina kallonsa, ya ce mini Allah ya ba mu haƙuri. Na ce amin, don zaman makoki ba wurin faɗa ba ne, amma ban taɓa raina mutum ba kamar yadda na raina shi ranar.

Ni ɗan ƙanwar Kawu ne. A gidansa na zauna lokacin da nake lakkwal, wato makarantar boko, a Zinder, na yi shekaruna ina koyarwa a ƙauyuka, yanzu na koma gona. Ɗan mace ba ya gadon kawunsa, wannan kowa ya sani, saboda haka ranar sadakar bakwai da aka zauna maganar abin da ya bari, ni ɗan kallo ne. 'Ya'yansa mata suna gidajen aurensu, ba wadda ke da amfani da ƙarfe, suka yarda babban wansu ya ɗauki duk abin da ke maƙera a cikin rabonsa. Shi kuwa bai yi nauyin baki ba. Ya ce da zarar kamyon Alhaji ya dawo daga Kano za a kwashe komai. Na tambaye shi har da uwar maƙera? Ya ce har da ita, ai ita ce ma mai nauyin.

Uwar maƙera ita ce dunƙulen ƙarfen da ake ɗora jan ƙarfe a kai ana duka. Ta Kawu baƙa ce wuluk, kanta ya yi sulɓi don shan masaba, gindinta a kafe cikin kututture a ƙasa. Ba daga mota aka ciro ta ba, ba kuma daga jirgi ba. Kakannin Kawu ne suka narka tama suka haɗa ta, tun zamanin da maƙeran Birni ke yi wa sarkin Damagaram kayan yaƙi. Duk hauyar da ta ciyar da gidanmu a kanta aka buge ta. Ita ce ɗan cikinsa zai ɗora a mota ta tafi teku, a narka ta tare da gwangwanin tumatir. Tun daga ranar na kasa cin tuwo da daɗi, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, don kada Kawu ya bi ƙarafansa ya ɓace.

Ba zan ce Kawu mutum ne mai sauƙi ba, don ƙarya ba ta amfanin mamaci. Gajere ne, kakkaura, gashin hannunsa duk wuta ta cinye, kuma raini a wurinsa kamar gishiri ne a miya, ba ya magana babu shi. Ba a ciniki da shi. In ya faɗi kuɗin gatari ka ce a rage, sai ya karɓe abinsa ya ce ka je ka sare itacen da haƙori. Manomi in ya kawo hauya gyara, sai ya juya ta ya dubi inda ta ci, ya ce wannan mai ita ya fi son inuwa da kunya, ga shi gefe ɗaya kawai ta lashe. Mutum ya yi dariya ya biya, baɗi kuma ya dawo. Ni kaina ina yaro na taɓa miƙa hannu zan ɗauki masaba, ya buge mini hannu, ya ce ƙira ba a shan ta a nono, gadon uba ce, in tafi in yi karatuna na nasara. Ban sake taɓa kayan aikinsa ba har ya bar duniya.

Ƙarfe kaɗai yake girmamawa. In aka kawo masa guntu, ba ya duba girmansa. Zai rataye shi a yatsa ya ƙwanƙwasa, ya karkata kai ya saurara. Wani guntun sai ya ce wannan yana da zuciya, ya ajiye shi bayan rumfa. Wani guntun kuma sai ya ce rago ne, ya wurgar. Abin da ya fi so shi ne sifirin tsohuwar babbar mota, wato faffaɗan ƙarfen da ke ɗaukar nauyinta a kan tayoyi, da shi yake fitar da hauyar da za ta yi damina da damina ba ta lanƙwashe ba. A da kuwa irin wannan ƙarfe ba a sayensa. Matattun motoci na nan zube bayan tasha, awaki na kwana a ciki. Maƙeri ya je ya kwance abin da yake so, ya ƙera wa mai motar wuƙa ko ƙaramin gatari, an rabu lafiya. Kawu yakan ce ƙarfe ba ya mutuwa, aiki yake sakewa: yau yana ɗaukar gyaɗa zuwa Kano, gobe yana noma ta a Zermu.

Sai duniya ta waiwayo mu. Aka ce can ƙasar Sin da Indiya ana ta gine-gine, masana'antunsu sun buɗe baki ba sa ƙoshi, tsohon ƙarfe ko na ina ne suna so. Fatake suka fara shigowa daga Kano da sikeli, suna saye da kilo, su loda kamyo, daga can a kai bakin teku a zuba a jirgi. Kafin mu farga matattun motocin bayan tasha sun tashi sun yi tafiyar da ba su yi ba suna da rai. Da suka ƙare aka koma kan masu rai. Murfin kwata ya ɓace, ƙarfen jan guga a bakin rijiya ya ɓace, mace ta kife tukunya a tsakar gida ta shiga ɗaki ta fito ba ta ganta ba. Har allunan ƙarfe da mutane ke kafawa a kan kabarin iyayensu aka bi aka tuge. In farashi ya tashi a wata ƙasa da ba wanda ya taɓa gani a cikinmu, a ƙofar gidanka za ka sani.

Babban ɗan Kawu, taubashina, yana cikin na farkon da suka shiga wannan sana'a. Tun yana saurayi ƙira ba ta dame shi ba, yana cewa zafi ya yi yawa riba ta yi kaɗan. Ya je Kano ya dawo da sikeli mai ƙugiya, ya rataye shi a bishiyar ƙofar maƙera, wai ai nan ne mutane suka saba kawo ƙarfe. Kawu ya fito ya dubi abin kamar ya ga mushen kare. Ya ce a gidan nan da kunne ake auna ƙarfe, wanda bai iya bambanta sifiri da gwangwani ba sai ya ɗora a ƙugiya, ya nemi wata ƙofar. Ɗan ya ce zamani ne. Kawu ya ce to zamani ya ba shi masauki. Ranar ɗan ya kwance sikelinsa ya koma bakin hanyar Kano ya kama fili. Ya yi arziki kuwa, ba na musu. Ya yi gida mai bene, ya yi tumbi, salula biyu a hannu, kullum yana tambayar yadda kasuwar Sin ta kwana kafin ya tambayi yadda ubansa ya kwana.

Akwai ranar da ba na mantawa. Ana gab da damina, na zo Birni gaishe da Kawu, sai ga wata tsohuwa daga Zermu, mijinta ya rasu, ita ke noma wa kanta. An shiga bukkar gonarta an ɗauke hauyarta da tukunyarta, ba don a yi noma ko girki ba, don a kai sikeli. Ta zo ba ta da abin biya. Kawu ya balbale ta da faɗa, wai wace irin mace ce za ta bar hauya a daji a wannan zamani, ko ta ɗauka har yanzu mutane ne a ƙasar. Tana ba shi haƙuri yana ƙara hawa. Sannan ya tona tsibinsa kaf bai sami sifirin kirki ko guda ba, duk ragwaye ne. Can ya ɗauki hularsa ya ce in raka shi.

Filin ɗansa muka je. Shekara da shekaru bai taka wurin ba. Ƙarfe tsibi-tsibi ya fi katanga tsawo, gadaje, injinan niƙa, kekunan ɗinki, har da hauyoyin da na tabbata hannun Kawu ne ya ƙera su. Ya bi yana ƙwanƙwasawa har ya sami sifirin da ya yi masa. Ɗan ya taso da fara'a ya gaishe shi, ya karɓi ƙarfen, ni ina zaton zai sa a kai masa gida. Sai ya rataya shi a ƙugiya.

Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, kayan an riga an yi wa Alhaji alkawarinsu. Farashin kuma ba ni na sa ba, daga Sin yake zuwa."

Kawu ya biya bai ce a rage ba, shi da ma ba ya ciniki. Ya saɓa ƙarfen a kafaɗa, sannan ya juyo.

Ya ce, "In kun yi waya ka gaishe mini da Sin. Ka tambaye ta, in ta gama cinye hauyoyin Zermu, me za ku ci kai da ita."

Washegari tsohuwar ta tafi da sabuwar hauya, har ƙota ya sa mata. Da ta fara godiya ya kore ta, ya ce in ta sake bari aka sace wannan kada ta nuna masa fuskarta.

An yi wata shekara da kasuwar ta faɗi. Aka ce gine-ginen can sun tsaya, jirage ba sa ɗauka, kamyon Alhaji ya daina zuwa. Taubashina ya zauna a kan tsibin tsatsa yana kiran Allah, har ya zo wajen ubansa yana kukan asara. Kawu bai ko ɗago daga aikinsa ba, ya ce wanda ya jingina da katangar da ba ya gani ai bai kamata ya yi mamakin faɗuwa ba. A shekarun nan ne kuma hauyoyin kanti suka cika kasuwa, masu fenti ja, masu araha, an ce daga can ake kawo su. Wani ya kawo wa Kawu guda ya gani. Ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya ɗora ta a gwiwa ya lanƙwasa ta da hannu kamar faifai. Ya ce wataƙila ƙarfenmu ne ya je ya dawo, amma a hanya an cire masa zuciya. Da kasuwar ta farfaɗo, ɗan ya manta da kukansa, Kawu kuwa ya ci gaba da tara guntaye bayan rumfa, yana kwana kusa da su kamar mai gadin rumbu.

Wannan tsibin ne, da masabu, da awartakai, da uwar maƙera, aka ce za a loda. Dattawan lungu suka ce ko arba'in a bari a yi. Taubashina ya ce farashi yana sama yanzu, kuma Sin ba ta san arba'in ba.

Na koma Gouna na gaya wa Inna, mahaifiyata, ƙanwar Kawu, wadda tsufa ya zaunar da ita a ɗaki. Na ce ba ni da bakin magana, ba ni cikin magada, in na ce zan saya kuma ba zan iya ja da Alhajin Kano ba. Sai ta tambaye ni wane wata muke ciki. Na ce watan cika-ciki ya kama.

Ta ce, "To kai ba bawan taubashinka ba ne? Bawa ba ya gado, amma yana shara."

Wanda bai san al'adarmu ba, ga yadda take. Ɗan mace da ɗan namiji taubasai ne, akwai wasa tsakaninsu har mutuwa. Ɗan namiji shi ne ubangida, ɗan mace bawa. Ranar cika-ciki bawa yakan ɗauki tsintsiya ya je ya share ƙofar ubangidansa, shi kuma dole ya ba shi tukuicin shara. Wasa ne, amma wanda ya hana taubashinsa a ranar, a gaban mutane, ya sayi abin gorin da zai bi shi har jikoki. Ni da shi mun daɗe da barin wannan wasa, tun da ya zama mai salula biyu.

Ranar cika-ciki da safe na shiga Birni da tsintsiya a hammata. Na yi sa'a ko rashin sa'a, ranar ce ake lodi. Kamyon ya tsaya a bakin titi don lungunmu ba ya cin mota, 'yan dako suna ta jigila da baro. Alhaji na zaune a kujera a inuwa, taubashina na tsaye kan sikelin da ya sake ratayawa a bishiyar nan da aka taɓa korar sa. Maƙwabta sun fito suna kallo. Na yi sallama, na naɗe hannun riga, na duƙa na fara shara tun daga bakin ƙofa. Ni da furfurata, ni da yaran unguwa ke kira Mushe, wato malamin makaranta. Mata suka fara dariya ta saman katanga, wata tsohuwa ta yi guɗa. Taubashina ya ƙyalƙyale, abin ya yi masa daɗi a gaban Alhaji, ya ce yau bawa ya tuna da ubangidansa. Ya sa hannu a aljihu.

Na share tokar murhu, na share gindin zuga-zugi, na zo na ɗora tsintsiyar a kan uwar maƙera.

Na ce, "Ubangidana, bana ba kuɗi nake so ba. Inda tsintsiyata ta tsaya, shi ne tukuicina."

Dariyar ta ɗauke. Ya ce in bar wasa. Na ce ai wasan ne ya kawo ni. Wani dattijo maƙwabcin Kawu ya gyara murya ya ce tun da yake bai taɓa jin an hana taubashi shara ba, sai dai in yau za a fara a gidan maƙera. Alhaji ya sunkuyo ya raɗa wa taubashina cewa irin wannan dunƙulen ƙarfe shi Indiyawa suka fi so, kada ya yi wauta. Na ga idonsa yana kai kawo tsakanin Alhaji da matan da ke kan katanga. Ba tausayin ubansa ne ya kama shi ba, kada wani ya yi masa wannan zato. Tsoron bakin matan Birni ne.

Ya sa 'yan dako suka tono ta daga kututturen. Na matso zan karɓa, ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Taka ce, bawa. Amma bari in san abin da na bayar."

Ya sa aka ɗaure ta da igiya aka rataya a ƙugiya. Uwar maƙerar kakanninsa tana lilo a bishiya kamar akuyar da aka feɗe, shi yana leƙen allura. Ya faɗi nauyin da ƙarfi don kowa ya ji girman kyautarsa, Alhaji ya girgiza kai yana jimamin asara. Na ji lambar sarai, ba kuwa zan rubuta ta a nan ba. Sauran kayan duka suka tafi a ranar, har masabar da aka taɓa buge mini hannu a kanta.

A amalanken shanu na kai ta Gouna. Na yi zaton na yi nasara. Na nemi maƙerin da zai karɓe ta ya ci gaba da aiki a kanta, ban samu ba. Tsofaffin sun mutu ko sun bari don rashin ƙarfe, mai walda na bakin kasuwa kuwa da na yi masa maganar, abin da ya fara tambaya shi ne kilo nawa ce. Labari ya bazu. Masu yawo a babur suna sayen gwangwan suka fara tsayawa a ƙofata suna gaishe ni da suna, mutanen da ban taɓa gani ba. Wata rana muka dawo daga gona muka tarar an ɗaga zanar bayan gida, an ja uwar maƙera har bakin darni, nauyinta ne kawai ya hana su.

Washegari da rana tsaka, gari duk an tafi noma, na shiga ɗakin Inna da diga. Na janye gadonta, na haƙa rami mai zurfi, na naɗe uwar maƙera a tsohon buhu, na gangara da ita ciki. Ƙarfen da unguwa guda ke tashi da ƙararsa kowace safiya, ga shi ina tura masa ƙasa don kada a ji inda yake. Na daddaɓe wurin, na yayyafa ruwa, na mayar da gado. Inna tana zaune a tabarma tana kallona tun daga farko har ƙarshe, carbi a hannunta.

Ta ce, "Kabarin yayana na farko, ba a bar mata sun raka shi ba. Ga shi Allah ya nuna mini na biyu."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kaifin harshensa saboda hauyoyin da ya bayar bai karɓi komai ba, ya sanyaya masa makwanci fiye da yadda maƙera ta taɓa yi masa. Mu kuma da muka rage a hannun masu sikeli, Allah ya sa mu cika da imani.